Riƙe Ni, Madugu

A shekarar da aka ba mu mulkin kai ina koyarwa a elemantare ta Bagudo, kuma ina cikin wata ƙungiya ta 'yan keke. Ba wata ta a zo a gani ba ce: mu malaman makaranta, da malamin asibiti, da akawun alƙali, da tela guda, sai samari masu zumuɗi. Ranar hutu mu ɗaura gorar ruwa da ƙunshin dambu a kariyar keke mu nausa daji, wannan karon Kende, wancan Zagga, mu ci, mu yi salla a gindin tsamiya, mu dawo gida ƙafafu na ciwo.

Ƙa'idarmu ita ce kowace fita da madugunta, ana juyawa. Madugu ne a gaba, shi ke da magana, shi ke fara shiga duk inda za a shiga. Wanda ya fi kowa daɗewa kuma shi ke ɗaukar baya da famfo da faci, ba ya sa baki sai an tambaye shi. Mai ɗaukar bayanmu wani tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, yana gyaran keke a bakin kasuwa. Baba muke ce masa.

Da layi ya zo kaina har da ɗaga kafaɗa. Sai akawun nan, Allah ya yafe masa, ya ce tunda mutanen Dahome su ma sun sami nasu 'yancin, a je bakin iyaka a gaisa. Kowa ya ce madalla. Ni kuwa na san tsakaninmu da iyaka akwai kogin Kwara, lokacin kuma babu gada, sai jirgin fito.

Ina yaro na ga jirgi ya kife da yayana, ina tsaye a gaɓa riƙe da takalminsa. Tun daga ranar ban sake taka jirgi ba. To amma a ƙasar da 'ya'yan Sarkawa masunta ke iyo tun ba su iya ɗaura wando ba, namiji da gemunsa ya ce yana tsoron ruwa? Gara ya ce ya saci akuya. Duk fitar da ke da ƙetare sai zazzaɓi ya kama ni. Wannan karon babu hali, madugu ba ya zazzaɓi. Kuma cikin samarin nan akwai waɗanda na koya wa karatu. In suka gani, gobe yaran ajina sun ji, ni da allo kuma sai dai a yi ta ƙunshe dariya.

Muka iso mafita da hantsi. Ruwa ya cika ya batse, ƙetaren can sai ka ƙanƙance ido. Mai fito ya jera kekunanmu a tsakiyar jirgi, jama'a suka ja baya suna jira in fara shiga. Wallahi ƙafafuna suka ƙi. Na duƙa ina gyara igiyar takalmin da ba abin da ya same ta. Wani saurayi ya ce, "Madugu, kai muke jira." Na ce to. Ban motsa ba. Na ji gumi na bin bayana, na ga tela ya fara dubana da gefen ido.

Sai na ji Baba, wanda ba ya magana sai an tambaye shi, ya kwarma ihu daga baya.

"La ilaha illallahu! Wanga ɓawon gyaɗa za mu shiga? Aradu ban shiga!"

Aka juya gaba ɗaya. Akawu ya ce, "Haba Baba, kai da ka ƙetare teku?"

"Can jirgin ƙarfe na, yaro, ya fi garinku girma. Wanga kau ko tari ka yi ya kife." Ya tako har gabana yana jan ƙafa, ya miƙo hannu. "Madugu, amanata na wuyanka. In ba ka riƙe ni ba, gida za ni."

Dariya ta ɓarke, har mai fito ya saki sandarsa. Na kama hannun Baba. Nawa jiƙe yake sharkaf, nasa kuwa busasshe, ko motsi ba ya yi. Shi ya ja ni cikin jirgin, amma duk mai kallo zai rantse ni na ja shi. Muka zauna muna fuskantar juna, ya sunkuyo kamar mai jin jiri, ya ce a hankali, "Dubi ƙafata, kar ka dubi ruwa. Ka yi ta yi mini faɗa da ƙarfi."

Na yi. Allah ya gani na yi. Tsohon da a haife ya haife ni, na dinga ce masa, "Haba Baba, natsu mana! Ina sojan yake?" Muryata na rawa, su kuma suna zaton dariya nake dannewa. Duk sanda igiyar ruwa ta bugi jirgi sai ya yi salati ya ce, "Riƙe ni, Madugu!" ya ƙara matse hannuna. Haka muka ƙetare, haka muka dawo da la'asar. Abin da muka ci a bakin iyaka da waɗanda muka gaisa da su, ko kashe ni za a yi ban tuna ba.

Aka yi ta yabona, wai ba a taɓa madugu mai haƙuri irina ba. Baba kuwa kafin mako ya zagayo sunan ya bi shi. Yara su wuce rumfarsa su ce, "Riƙe ni, Madugu!" su sheƙa. Mata a bakin rijiya, mahauta, har jikokinsa aka dinga tsokana da shi. Mutumin da a da ake sauke murya in zai wuce. Duk sanda na ji, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na same shi a rumfa yana ɗaure spok na ƙafar keke, na ce zan tara 'yan ƙungiya in faɗi gaskiya. Bai ko ɗago ba.

"Malam, ni na gama cin kasuwata, kai yanzu ka shimfiɗa tabarma. In ka faɗi, ka ɓata mini aiki. Miƙo mini sifana."

Na miƙa masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji da ya hana ni.

Bayan wasu shekaru tsufa ya kama shi, ya koma wurin 'yarsa da ke aure a ƙetare, can ya cika. Labari ya iso ni bayan an rufe shi. Na tafi gaisuwa ni kaɗai. A mafita na tarar da mai fiton nan, shi ma ya yi furfura. Na shiga, na zauna, na kafa ido a kan ƙafafuna, na damƙe gefen jirgi har farcena ya yi fari.

Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Ashe Riƙe-ni-Madugu ya riga mu. Allah ya jiƙan shi. Ban taɓa ɗaukar matsoraci irin shi ba."

Na ce, "Ba shi ba ne. Ni ne mai tsoron. Shi ya riƙe ni."

Ya dube ni, ya yi dariya har yana tari. "Kai Malam, ka cika kara. Da idona fa na ga kana yi mishi faɗa."

Ya ci gaba da tuƙinsa.