Ɗakin da Aka Buɗe wa Ummuhani

Duk mai fataucin shanu a Paraku ya san Badamasi mai masauki, ko da yanzu za su ce sun manta. A Kumasi yake da gida. Bafatake ya iso da garkensa, sai ya ajiye ƙunshinsa a ƙofar zaure ya zauna. Ba ya roƙo, ba a tambayarsa ranar tafiya. Badamasi zai sa a ɗauki ƙunshin a kai ɗaki, shi ke nan an sauke shi. Haka al'adar take.

Shekarar da Gana ta kori baƙi, aka loda shi a kamiyo, wato babbar motar kaya, shi da matarsa Ummuhani, tana ta tari. A garin Jugu aka ce ba wuri. A Paraku jandarmomi suka zube su a fili bayan tasha, kowa ya kafa tampol. Ni ina da rumfar tsire a wajen, da idona na gani.

Ɗaki ɗaya yake nema wa Ummuhani kafin damina. Na ce, "Baba, ka buɗe baki ka roƙa mana!" Ya ce, "Haba yaro, wajen Alhaji Dalhatu? Har ɗansa a gidana aka raɗa wa suna." Dalhatun nan babban bafatake ne mai gida a Paraku, in ya je Kumasi wajen Badamasi yake sauka.

Ya je ya ajiye ƙunshi a ƙofar Dalhatu ya zauna. Aka kawo ruwa, aka kawo goro, aka yi ta sannu da hanya. Ƙunshin nan ba wanda ya taɓa. La'asar ta yi ya ɗauki abinsa ya dawo. Gobe ma haka. Shi a ganinsa Alhaji bai lura ba ne. Wallahi ya lura! Kowace Juma'a ga tuwon sadaka daga gidansa, ana rabawa a bakin fili kowa na kallo. Abin nan har yau yana ci mini rai.

Ruwa ya sauko, tampol ya yi ta yoyo a kan Ummuhani. Ba ta kai lokacin kaka ba.

Nan da nan sai ga unguwa ta cika fili. Dalhatu ya ce ai ba a yi wa mace wanka a sarari, a kai ta gidansa, akwai ɗaki ba kowa a ciki. Badamasi ya bi makara har zaure, ya leƙa ɗakin, ya dubi rufin kwano.

Ya ce, "Alhaji, ashe ba ya yoyo."