Azurfar Rumawa a Bakin Ƙofata

Jiya na buɗe ƙofa zan tafi aiki, sai ga ɗan ƙullin farin ƙyalle a ƙasa. Na kwance, na ga wani tsohon kwabo ya yi baƙi ƙirin. Gefe ɗaya kan mutum, ɗayan kuma hannu biyu riƙe da juna.

Nan take na zaci asiri ne aka yi mini. A makon jiya muka yi cacar baki da maƙwabcina, wani tsohon Bature, a kan wurin fakin a gidajenmu na High Point Road, har ya ce sai ya sa an tashe ni da yarana.

Na kira Anti Rabi, ƙanwar mahaifiyata, ta ce kada in kuskura in shigar da kwabon ɗaki. Haka na yini a wurin aiki ina karanta Falaƙi da Nasi.

Da yamma na daure na ƙwanƙwasa wa maƙwabcin nawa ƙofa.

"Kai ka ajiye mini wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Kuɗin azurfa ne na Rumawan da, tun ina saurayi nake tara su. Hannayen nan alamar sulhu ce a wurinsu. Na kasa kallon idonki in ce ki yafe mini, shi ya sa."

Na zauna a matakala ina dariya ina share hawaye. Daga baya na zuba masa shinkafa da miyar taushe a kula na kai masa.

Ashe har tsofaffi baki na yi musu nauyi. Ku da me aka taɓa ba ku haƙuri ba da baki ba?