Matar da na sauke kafin asibiti

Shekarar da gwamnati ta kawo shari'a, kabu-kabu nake yi a Ƙaura. Har gangami na je, na yi kabbara sai da muryata ta dishe. Ban san ta kanmu za a fara ba. Aka ce duk mai babur da ya ɗauki mace zai sha bulala a bainar jama'a. Na ga an yi wa wani abokina a gaban tasha, kwana uku ban iya cin tuwo ba. Ni mutum ne mai tsoron bulala tun ina makarantar allo.

Maƙwabciyarmu Kirista ce daga kudu, mai sayar da garin rogo, tana da tsohon ciki. Wata Alhamis da hantsi, mijinta ya tafi cin kasuwar Shinkafi, jini ya ɓalle mata. Matata ta fito tana salati, ta zura mata hijabinta don ta rufe zanen da ya ɓaci, ta ce in yi maza in kai ta asibiti a babur.

Muna hanya tsoro ya rufe ni. An ce dokar ba ta hau kan Kirista ba, to amma ni fa? Ga kuma hijabi, wa zai yarda ba Musulma na goyo ba? Da na hango masu sa ido kan dokar a mahaɗar asibiti, sai na ratse gefen hanya. Na taka birki.

"Madam, ki daure ki ƙarasa da ƙafa."

"Malam, ba zan iya ba," in ji ta.

Wallahi na ji ta sarai. Na sauke ta.

Ta yi tafiya kaɗan tana dafa bango, ta durƙushe. Wani dattijo daga cikin masu sa idon ya taho da gudu, ya dubi jinin, ya dube ni.

"Kai, mi yas sa kas sauke wagga baiwar Allah? Wane malami yag gaya maka hakanga ne addini? Lalura ce, ɗauki mu tahi!"

Shi ya ɗora ta, ya bi mu a guje har ƙofar asibiti. Ita ta tashi, jaririn bai zo da rai ba. Ban sani ba ko jinkirina ne, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Bayan sati biyu ta wanke hijabin, ta goge, ta kawo da kanta. Ina zaune a zaure ta rusuna ta ce, "Malam, na gode da ka kai ni."