Kwamin Ti Gracinda

Har yau akwai masu cewa Ti Gracinda, wato Inna Gracinda, taurin kai gare ta, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai na wanke shi tas. Katangarmu ɗaya da ita tun ina yarinya, a ƙauyenmu da ke kan tudu sama da kogin Douro, saboda haka na san abin da nake faɗa.

A gidan nan aka haife ta, a ciki ta yi aure, a ciki ta yi makokin mijinta. Gidan dutse ne, mutane a bene, a ƙasa kuwa ƙaton kwamin dutsen da ake tattake inabi a ciki da ƙafa don yin giya. Da can kowane babban gida yana da nasa. Sai masu gyaran gidaje suka shigo, su saya, su gyara, su sayar wa mutanen birni. Kwamin gidan su Baltazar ya zama wurin iyo. Na bayan coci aka cika shi da ƙasa aka shuka fure. Fure! Kafin mu ankara nata kaɗai ya rage, duk mai 'yar gona nan yake kawo inabinsa da kaka.

Gwiwoyinta ne suka ci amanarta. Da matakala ta gagare ta, 'yarta Olívia ta matsa mata ta sayar da gidan ta koma wurinta a Porto. Ta yarda, amma ta ce ba ta miƙa wa kowa kango. Ta kira magini aka sake rufi, aka gyara tagogi, aka ja ruwan famfo. Gida ya fito kamar amarya.

Dillalin da Olívia ta turo, Senhor Horácio, ɗan ƙauyen ƙetare ne da ya koyi sa takalmi mai sheƙi. Ya leƙa ƙasa ya toshe hanci.

"Ti Gracinda, ramin nan tsami yake. A fasa shi a yi falo, gobe in kawo miki mai saye."

"A cikinsa uwarka ta samu miji," in ji ta. "Je ka tambaye ta ko tsamin ya dame ta."

Ta san in ta sayar wa irin mutanensa, ƙauyen nan ya gama tattaka ke nan. Sai ta kafa sharaɗi: duk mai son gidan ya zo ranar tattaka, ya cire takalmi ya shiga layi. Mu kuwa layinmu ba wasa ba ne. Hannu a kafaɗar na kusa da kai, ƙafa ta tashi tare ta sauka tare, ba wanda ke fita sai mai kiran taki, mai cewa hagu da dama, ya sallame ku, komai sanyin ruwan inabin. Bayan nan ne ake kiɗa da rawa.

Kakar farko, wasu mata da miji masu son gidan suka tsaya a bakin ƙofa suna ɗaukar hoto. Wani ya shiga, wayarsa ta yi ƙara, ya zare hannu ya fita amsawa, layi ya karkace. Duk ta ce a'a. Horácio ya bi gari yana cewa tsufa ya taɓa mata kai. Olívia ta yi ta kuka a waya.

Sanyin shekarar nan a ƙasa ta yi shi, gadonta a gefen kwamin, don ba ta iya hawa bene. Ni nake kai mata miyar kabeji da burodin masara, in tarar da yatsunta sun ƙage. Kuma mutanen da a kwaminta aka tattake inabinsu, su ne suke zama a shagon kofi suna cewa ta cika rigima. Marasa kunya!

Da kaka ta zagayo sai ga Senhor Valdemiro, tsohon direban bas a Lisbon, ɗan asalin Cabo Verde, da matarsa Benvinda, su ma suna son gidan. Ya naɗe wando ya shiga tsakanina da Baltazar. Ba a yi nisa ba santsi ya kwashe shi, ya nutse har kai. Ya taso jawur, ɓawon inabi a gashin baki.

"Direba, birki ya tsinke ne?" in ji Baltazar.

"Hanyar taku ce ba kwalta, ɗan'uwa," ya ce, ya mayar da hannunsa kafaɗata yana rawar ɗari. Bai fita ba sai da aka sallame mu.

Benvinda kuwa wurin tsohuwar ta je ta durƙusa. "Ti, wa ke wanke kwamin in an gama?"

"Mai gida."

"Ka dai ji, Valdemiro."

Da safe na tarar da shi a ciki da tsintsiya da bokiti. Ti Gracinda ta duba kusurwoyi, ta sa ya sake wanke guda, sannan ta kira Horácio ta ce ya zo, an samu mai saye.

Yanzu tana Porto, a ɗaki mai ɗumi, ba matakala. Amma duk kaka sai Olívia ta kawo ta, a ajiye mata kujera a bakin kwamin, ita ke kiran taki: "Hagu! Dama! Valdemiro, ƙafar hagun taka ina take?" Bara har Horácio ya zo da inabin uwarsa. Ta sa shi ya cire takalmin.