Jarkokin Yagana

Baba Zarami na bakin fadamar Auyo ya shekara hamsin yana noman wake da shinkafa, amma bai taɓa sanin yadda ake ajiye su ba. Shi dai ya kawo, matarsa Yagana ta adana. Namiji ke nan: ya san gona, ya san kwano, abin da ke tsakani kuwa oho.

Yagana ta daina yarda da buhu tun shekarar da ruwa ya shigo musu har ɗaka. Sai ta shanya wake ya bushe ƙayau, ta ɗura a jarka da busasshen barkono, ta toshe bakin da leda, ta ɗaure tamau da ƙyallen tsohon zanenta, ta jera can saman katako. Haka ta yi da kakar bara. Kafin azumi Allah ya karɓi abarsa.

'Yarsu Adila ta zo daga Haɗeja.

"Baba, tattara mu tafi. Wa zai dafa maka?"

"Hannuna karyewa ya yi? Uwarki ta bar min abin da zai kai ni wata kakar."

"To, ranar da ya ƙare, ko a goye sai na ɗauke ka."

"Fara goya raggon mijinki tukuna."

Ta tafi. Gida ya yi wa tsoho faɗi. Kullum bayan la'asar, lokacin da suka saba hira a ƙofar ɗaki, sai ya sauko da jarka guda, ya kwance ƙyallen, ya shaƙi barkono har ya yi atishawa.

"Yagana, har yanzu faɗanki na nan," in ji shi.

Ya mayar da ɗauri irin na maza, sako-sako. Gobe kuma wata jarkar. Bai san rashin iska ne ke kashe ƙwarin wake ba, mai gaya masa kuwa tana ƙasa.

Da marka ta kankama, kogi ya cinye hanya, shinkafarsa ta ƙare. Ya zazzage jarkar farko a faifai: gari da ƙwari. Sauran ma haka. Kwana uku yana fama da zogale tsurarsa kafin Adila ta iso a kwalekwale. Ta dubi faifan, ta dube shi.

"Baba, buɗewa kake yi?"

"Gaisawa muke yi."

Shi da kansa ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Yanzu yana Haɗeja, ɗaki da fanka, abinci sau uku. Har tumbi ya ajiye. Magana ce dai sai an tambaye shi.