Shekarar da aka sallami ɗan Tibati

A zamanin Jamus, ba kowa ke samun wurin zama a zauren Modibbonmu na Garwa ba. Sai wanda ya sauke Alƙur'ani, ya yi nisa a fiƙihu, sannan Modibbo ya zaunar da shi ya yi ta jefo masa tambayoyi har gumi ya karyo masa. Masu nema da yawa, amma mu da aka ɗauka ba mu cika tabarma biyu ba. Mahaifina falke ne, asalinmu Kano, kuma ranar da aka karɓe ni sai da ya yanka rago.

Da safe nahawu da lugga, bayan azahar manɗiƙi da hisabi, wani lokaci waƙen Larabawa da ilimin taurari. Da Fillanci Modibbo ke fassara, in ya ga mu Hausawa mun yi zuru sai ya juya harshe. Duk ƙarshen damina yakan gwada mu, wanda ya zo ƙarshe a sallame shi. Shi ya sa ko amininka ba ka cika nuna masa abin da ka gane ba.

Abokin ɗakina ɗan Tibati ne, dogo, mai in'ina. A hisabi babu mai kama ƙafarsa, shi ya koya mini rabon gado da tsakuwa a ƙasa. Nahawun ma ya sani, sai dai da zarar an zuba masa ido harshensa ya ɗaure. Ranar gwaji Modibbo ya ba shi baiti ya warware, ya kama kalmar farko ya kasa wuce ta. Muna zaune kanmu a ƙasa.

"Tashi, ɗana," in ji Modibbo. "Allah ya ba ka rabonka a wani zauren."

A shekarar ne yaƙi ya taso tsakanin Jamus da Ingilishi da Faransa. Ana kama samari a kasuwa da bakin Binuwai, wasu haƙan ramuka, wasu dako, amma ba a taɓa ɗaliban manyan malamai. Hanya ta rufe, abokina bai samu ayarin komawa gida ba. Yana jira aka kama shi a kasuwar hatsi.

Da na kai wa Modibbo labari, ya ɗauki sandarsa muka nufi bariki. Baturen Jamus mai kula da barikin yana zaune a inuwa, tafinta na tsaye.

"Ɗalibinka ne?" tafinta ya tambaya.

"Ɗalibina ne har makon jiya," in ji Modibbo.

"Allah gafarta Malam, ka ce ɗalibinka ne kawai," in ji tafinta a hankali.

"Faɗa masa yadda na faɗa. Ka kuma ce yau na mayar da shi."

Baturen ya saurara, ya girgiza kai. Tafinta ya ce a dawo jibi. Da muka koma, an riga an tura 'yan dako kudu da akwatunan harsashi, har da abokina.

Karatu bai tsaya ba sai da ƙarar igwa ta hana mu jin juna. Bayan Jamus sun fita, wani da suka yi dako tare ya dawo, ƙafafunsa duk gyambo. Ya ce atuni ya kama abokina kafin su kai garin Tinyer, suka bar shi a gindin wata bishiya da ɗan ruwa a gora, aka kora su gaba.

Da hanya ta buɗe mahaifin abokina ya iso, tsoho, da busasshen kifi tsaraba. Modibbo bai ɓoye masa komai ba, har maganar bariki. Tsohon ya tambaya ko yaron yana gane karatu.

"Yana ganewa," in ji Modibbo.

Tsohon ya ajiye kifin a bakin zaure, ya yi mana sallama. Ni na raka shi har mashigar kogi.