Neman Jar Ƙasa a Bayan Fakku

Ana sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ni da wani aminina tela, kowa da buhu wofi a hammata. Ni mai zane ne, allunan shaguna da bayan motoci nake yi wa fenti. Bana aka gayyace ni in kai zane wani baje-kolin masu zane a Sakkwato, karo na farko a rayuwata. Ni kuwa bakina ba shi da linzami, na ce ba zan taɓa fentin gwangwani ba, da launin ƙasarmu kaɗai zan yi. Baƙi na kankaro daga kunkunniyar madafa, fari na samu a farar ƙasa, shuɗi na roƙo a marina. Ja da rawaya suka gagara, alhali shanyar barkono nake son zanawa. In babu ja babu zane, ga shi an riga an sanar da sunana.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya ba ni labarin inda zan sami jar ƙasa. Ya kawo babur in gyara masa lamba, na ga laka ja jawur a tayarsa. Na lakato da yatsa ina murzawa, yana kallona kamar na taɓu. Ya ce daga wani kwazazzabo ta fito, a bayan Fakku.

Motar da muka shiga zuwa Kebbe ta ga duniya. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, kuɗin mota kuwa ya hau ba sallama, direba ya ɗora laifin a kan mai, muka ɗora a kan direba, aka tafi. Damina na ƙarewa, an girbe gero, dawa na tsaye ta yi kai, shanu sun yi ƙiba har suna ƙyalli. Hanya dai sai haƙuri. Kowane rami muka faɗa sai tela ya yi salati, don shi farar shadda ya sa, wai ba a zuwa garin mutane da tsumma. Na ce masa ƙasa za mu ɗebo, ba biko za mu ba.

A Kebbe muka karya da kunun tsamiya da ƙosai mai zafi, manya-manya, ba irin na bakin tasharmu da ake haɗiyewa ba a tauna ba. Fura ma ta fi arha, nono kuma ba a tsinka shi da ruwa ba. Daga nan sai babur. Muka hau mu biyu a bayan wani dattijo mai son hira, ya ratsa da mu gonakin shinkafa da na rogo, muka wuce Fakku, ya sauke mu a gefen wani ƙaramin ƙauye, ya nuna mana kwazazzabon da baki.

Wallahi da na leƙa sai da na yi kabbara. Bangon kwazazzabon hawa-hawa ne, rawaya mai yawa kamar an zuba gangamau, sai wani siririn layi na ja a ƙasa. Ɗoki ya ɗebe ni, na manta da abin da kowane yaro ya sani, cewa baƙo ba ya sara ƙasar gari sai ya yi sallama a ƙofar mai unguwa. Na fito da 'yar fartanya da kwano da rariya, na sauka bakin rafi na fara wanke ƙasar. Haka ake yi, a dama ta da ruwa, yashi ya kwanta, a tsiyaye mai laushin.

Ina tsugune ina kaɗa kwano na ji tela ya daina magana, abin da bai taɓa yi ba. Na ɗago, sai ga samari sun tsaya a kanmu da sanduna. Babbansu ya ce, "Ku tashi. Can gaban mai unguwa kwa faɗi abin da kuka biɗa." Sai a lokacin na kalli kaina da kyau. Baƙo, kwano, rariya, bakin rafi. Ko ni ne zan rantse mai neman zinariya ne.

Mai unguwa dattijo ne mai sanyin murya, amma fuskarsa babu wasa. Ya ce sun ga abin da ya sami wasu garuruwa. In aka ce an ga zinariya, baƙi su cika wuri, gonaki su koma ramuka, zaman lafiya ya yi ƙaura. Na ce launi nake nema, zane zan yi. Jama'a suka kwashe da dariya. Ya ce, "Malam, wagga ƙasa tufafi kawai taka ɓata muna. Ku aje ta ku kama hanya."

Raina ya ɓaci, ba don sandunan ba, don an ce sana'ata ƙarya ce. Na ce ranka ya daɗe, gani ya kori ji, a ara mini kasko da murhu da dutsen niƙa. Sai ya aika cikin gida aka kawo.

Na raba rawayar biyu, na zuba kashi ɗaya a kasko ina juyawa. Ta bushe, ta fara duhu, can sai ta rikiɗa ta koma ja a gaban idonsu, domin kuwa haka rawayar ƙasa take yi in ta sha wuta. Wani ya ja da baya yana cewa wannan ai boka ne. Na niƙe ta har ta yi laushi kamar kwalli, na daka ƙaron da na zo da shi na jiƙa da ruwan ɗumi, na kwaɓa. Ƙaron shi ke riƙe garin launi, in babu shi yana bushewa zai kakkaɓe. Na ɗauki gawayi a murhu na yi baƙi. Tela, Allah ya saka masa, ya zaro ƙyallen farin yadi daga aljihu, muka ɗame shi a kan faifai.

Abin da ke gabana na zana, rumbuna da kukar da ke bayansu. Surutu ya mutu. Wata tsohuwa da ta kawo dutsen niƙan ta matso, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa yadin, sai ta ɗaga murya: "La ila! Wanga rumbuna na! Ga inda yat tsage!" Nan wuri ya kaure, kowa na turo kai. Na yi zane iri-iri a duniya, ban taɓa jin alfahari irin na wannan lokacin ba.

Samarin da suka tasa mu gaba su suka cika mana buhuna. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, aka hana mu tashi sai da muka share kwano. Tsohuwar ta rungume faifan ta ce ba za ta mayar ba, ni ma ban nema ba.

Mun iso Tambuwal da magariba, shaddar tela ta koma ja har wuya, ya rantse ba zai ƙara bina ko masallaci ba. Na koyi cewa sallama kan zo kafin fartanya, na kuma koyi cewa abin da muke takawa kullum ya isa a yi ado da shi. Ja na bushewa a tsakar gidana yanzu, ya ishe ni barkonon Sakkwato har da saura. Ko me masu kallon baje-kolin za su ce, su faɗa. An riga an gane zanena a inda ƙasar ta fito.